BAYAN AN YI WA MAIGIDA AIKIN SANKARA, SAURA ME?

Daga wata malamar makaranta, Achilafiya

Yau zancen namu na maza ne, amma mu ne masu jinya, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bara aka yi wa kawuna aikin sankarar mafitsara. Da ya dawo gida, jama'a suka yi ta zuwa barka har daga Roni da Babura, kowa na cewa ciwo ya wuce. Wata uku bayan haka sai na tarar da uwargidansa tana kuka a ɗaki. Ta ce Malam ya daina fita masallaci, ya ƙaurace wa matansa, har ana raɗe-raɗin sammu ne. Takardar komawa asibiti kuwa tana ƙarƙashin katifa, ranar ta wuce da mako biyar. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Wannan sankara ba a cikin mafitsara take tsirowa ba, ko da yake haka muka saba faɗi. Akwai wata 'yar tsoka kamar goro a ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kewaye hanyar fitsari, likitoci suna kiranta furostet. Sankararta ita ce ta fi kowace sankara kama maza a Nijeriya, musamman waɗanda suka haura shekara 50. Wata tana tafiyar hawainiya, wata kuwa muguwa ce. Likita yana kiranta mai hatsari idan awon jini da ake kira PSA ya wuce 20, ko naman da aka gutsura aka duba ya nuna maki 8 zuwa 10, ko kuma ta fara leƙowa waje da tsokar.

Idan ba ta bazu cikin ƙashi ba, ana iya cire tsokar baki ɗaya. To, me zai biyo baya?

Na farko, albishir. A 2011 likitocin asibitin Mayo na Amurka sun ba da rahoton masu irin wannan muguwar sankara da aka yi wa aiki. Bayan shekara 10, kashi 92 cikin 100 ciwon bai kashe su ba. Sai dai ku lura, mutanen nan ba su yanke zuwa asibiti ba. Da yawa daga cikinsu sai da aka ƙara musu gashi da na'ura, ko allurar da ke rage sinadarin maza wanda sankarar ke rayuwa da shi. Babban limamin kirista na Afirka ta Kudu, Desmond Tutu, an gano masa ita a 1997, aka yi magani, ta dawo, aka sake yi. Bai rasu ba sai 2021, yana da shekara 90.

Na biyu, fitsari. Maigida zai dawo da robar fitsari, a cire ta bayan mako ɗaya ko biyu. Daga nan fitsari zai riƙa zubo masa in ya yi tari ko ya miƙe tsaye. Yawancin maza suna samun sauƙi cikin wata 3 zuwa shekara guda, musamman in suna matse naman gindinsu kamar mai riƙe fitsari, sau da yawa a yini, yadda likita ya koya musu. Ki tanadi ƙyallaye masu tsabta, ki wanke ki shanya inda idon yara ba ya kai. Batun alwala kuwa, malamai sun yi bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai yoyon fitsari. Ya tambaya, kada ya ƙaurace wa jam'i.

Na uku, shimfiɗa. Jijiyoyin da ke ba namiji ƙarfi suna manne da tsokar nan. Tun 1982 wani likita a Amurka, Patrick Walsh, ya fito da dabarar tsallake su, amma in sankarar muguwa ce, sau da yawa dole a haɗa da su don a ceci rai. Wani ƙarfinsa yakan dawo sannu a hankali har zuwa shekara biyu, wani sai da taimakon magani, wani kuma shi ke nan. Haihuwa ma ta tsaya. Ba sammu ba ne, ba laifin kishiya ba ne. Kada ki yi masa gori, kada kuma ki bari ya sayi maganin maza na kasuwa, don wasu suna da hatsari ga mai ciwon zuciya. Ya faɗa wa likita, akwai abin da ake bayarwa.

Na huɗu, kuma shi ne babba: awon jini. Bayan kamar mako shida zuwa takwas, PSA ya kamata ya sauka har ya kusa ɓacewa. In ya fara hawa ya kai 0.2, alama ce saura ya rage, kuma a lokacin ne gashi ya fi yin amfani. Mutum ba ya jin komai a jikinsa a wannan hali. Wanda ya jira sai baya da ƙugu sun fara ciwo, ya makara. Saboda haka a riƙa awo duk wata uku zuwa shida a shekarun farko, ko a Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Abubakar Imam da ke Kano, ko na Shika a Zariya, duk inda likitansa ya ce. Na san kuɗin mota daga nan ta Kazaure zuwa Kano ba wasa ba ne. A sa shi cikin lissafin gida tun ranar kaka, ko a shiga adashi dominsa.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Ku sami littafi guda, ku ja layi kamar rajistar aji: ranar awo, lambar da ta fito, ranar komawa. Ku riƙa karanta wa iyayenku mata. Haka ƙanwata 'yar aji biyar take yi wa kawu yanzu. Ya koma asibiti, lambarsa ta fito da kyau, ranar Juma'ar da ta wuce kuma da ƙafarsa ya tafi masallaci.

In mahaifinki ko mijinki ya haura hamsin, yana yawan tashi fitsari da dare ko yana daɗewa a banɗaki, ki lallashe shi ya je a duba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya lada, amin.