3.2 Zaɓen Na'urar Auna Gudun Harsashin da Aka Ɗura da Hannu

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda maharba a Amurka da wasu ƙasashen Turai suke ɗura harsashinsu da kansu, wato su tattara kwanson da aka riga aka harba, su sake zuba masa albarushi gwargwadon awo, su ɗora masa sabuwar ƙwaya. Doka ta yarda da wannan a can, saɓanin Nijeriya inda Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana mutum ƙera harsashi a gida. A wannan sashe za a dubi na'urar da irin waɗannan maharba suke auna gudun harsashi da ita, wadda ake kira kuronogiraf, da abin da ya kamata a lura da shi wajen zaɓen ta.

Littattafan da kamfanonin albarushi ke bugawa sukan nuna gudun da kowane awo zai bayar, amma wannan gudu an same shi ne a bindigar gwaji ta kamfani, mai nata tsawon bututu. Bindigar maharbi kuwa daban ce, don haka ba zai san abin da ɗurinsa ke yi ba sai ya auna. Awon da za a dogara da shi ya fara ne da Benjamin Robins na Ingila, wanda ya bayyana a littafinsa na 1742 yadda ake harbin wani lilo mai nauyi, a lissafa gudun ƙwaya daga nisan da lilon ya yi. A shekarun 1860 wani hafsan sojan Beljiyam, Le Boulengé, ya ƙera na'ura mai aiki da lantarki wadda rundunonin soja suka daɗe suna amfani da ita. Ba ta zama kayan maharbi ɗaiɗai ba sai bayan da Ken Oehler ya kafa kamfaninsa a Austin ta jihar Tekzas a 1966.

3.2.1 Na'ura Mai Idon Haske

Wannan ita ce mafi araha, kuma ita ce ta cika filayen harbi shekara da shekaru. Tana da idanu biyu masu kallon sama. Idan ƙwaya ta gitta ta kan ido na farko, inuwarta sai ta ta da agogo, idan ta gitta na biyu sai agogon ya tsaya. Na'urar ta riga ta san tazarar da ke tsakanin idanun, sai ta raba ta da lokacin, ta fitar da gudu. Shooting Chrony da ProChrono duk irin wannan aiki suke yi, kuma a yawancin ƙananan na'urori tazarar ƙafa 1 ce.

A wannan gajeriyar tazara ne matsalar take. Alal misali, ƙwayar .308 Winchester mai gudun ƙafa 2,800 a daƙiƙa tana ratsa ƙafa 1 cikin kashi 1 daga 2,800 na daƙiƙa. Idan tazarar ta kauce da kashi 1 cikin 8 na inci kawai, kamar yadda yakan faru in ba a buɗe na'ura mai naɗewa sosai ba, kuskuren ya kai kusan kashi 1 cikin 100 ke nan, wato ƙafa 29 a daƙiƙa. Haka kuma idan aka girke na'urar a karkace da digiri 5, hanyar da ƙwaya za ta bi tsakanin idanun ta ƙara tsawo, sai a karanta gudun ƙasa da na gaskiya da kimanin ƙafa 11. Har ila yau haske na da nasa tasiri. Gajimare ya rufe rana, ko rana ta yi ƙasa da yamma, sai karatu ya canja ko na'urar ta kasa ganin ƙwayar, kuma dogon ƙwan lantarki na cikin ɗaki yakan ruɗe ta saboda ƙyaftawar da yake yi wadda idon mutum ba ya kamawa. Ana girke ta ne ƙafa 10 zuwa 15 gaban bindiga don kada hucin harbi ya dame ta, kuma saboda tana kan hanyar harsashi, ba sabon abu ba ne maharbi ya harbe na'urarsa.

Mai karatu zai iya cewa ƙafa 29 cikin 2,800 ba wani abu ba ne. Ga mai farautar barewa a nisan yadi 100, gaskiya ne. Amma ga mai harbin gasa a yadi 1,000, irin wannan bambanci na iya sauya inda ƙwaya za ta faɗa da kimanin inci 10. Su kuwa masu gasar ƙaramar bindiga a ƙarƙashin ƙungiyar USPSA, ana ninka nauyin ƙwaya da gudunta a raba da 1,000, kuma dole sakamakon ya kai 125. Ƙwaya mai nauyin giren 124 sai ta yi gudun ƙafa 1,009 kafin ta haye. Wanda na'urarsa ta ƙara masa kashi 1 cikin 100 zai je gasa da tabbacin ya cika sharaɗi, a auna a ga bai cika ba.

Oehler ya magance wannan a samfurinsa na 35P ta hanyar ƙara ido na uku a tsakiya. Kowane harbi sau biyu ake auna shi, idan awon biyu suka saɓa sai na'urar ta yi alama. A ganin mai wannan nazari, wannan dabara ita ce mafi daraja a duk na'urorin haske, domin sauran suna ba da lamba ne kawai, babu hanyar da maharbi zai gane ko ta yi daidai.

3.2.2 Na'ura Mai Maganaɗisu da Mai Rada

MagnetoSpeed wani ɗan sanda ne da ake ɗaurawa a ƙarƙashin bakin bindiga, yana jin wucewar ƙwaya ta hanyar maganaɗisu. Ba ruwansa da rana ko duhu. Aibinsa shi ne nauyin da ya rataya a bututu yakan sauya inda harsashi ke sauka, don haka sai maharbi ya yi harbin awo daban, harbin gwada saiti daban, ya ƙona harsashi ninki biyu. Bugu da ƙari yana da wuyar ɗaurawa a yawancin ƙananan bindigogi.

Ita kuwa mai rada, a gefen maharbi take zama. Tana aika igiyar rediyo ta bi bayan ƙwaya, igiyar ta dawo da ɗan sauyi gwargwadon gudun ƙwayar, daga nan sai ta lissafa gudun da ta fita da shi. Ba ta taɓa bindiga, ba ta kan hanyar harsashi, kuma ba ta dogara da haske. LabRadar, ƙirar wani kamfanin Kanada, ita ta fara yaɗuwa. Tana ba da gudu a wurare da yawa a kan hanyar ƙwaya, sai dai ƙarar harbi ce ke ta da ita, shi ya sa bindigar maƙwabci takan ruɗe ta, kuma tana son a saita ta sosai. A 2023 kamfanin Garmin ya fitar da Xero C1 Pro, wadda ke shiga aljihu, tana auna gudu daga ƙafa 100 zuwa 5,000 a daƙiƙa, an kuma fara sayar da ita kusan dala 600, wato ninki huɗu ko fiye na kuɗin ƙaramar na'urar haske.

Abin da ya sa masu harbin nesa suka karkata ga rada bai tsaya ga daidaiton awo ba. Su abin da suke nema shi ne yadda harsasai suka kusanci juna a gudu, kuma harbi 3 ko 5 ba ya nuna haka, sai an kai 20 ko 30. Na'urar da sai an tsayar da kowa a fili kafin a je gaba a girke ta, ba kullum za a fito da ita ba. Wadda za a ajiye a kan tebur kuwa tana auna kowane harbi ba tare da an ware mata harsashi ba. Ka'idar zaɓe ke nan: kuskuren na'ura ya zama ƙasa da bambancin da ake son gani. Mai neman sanin ko harsasansa sun bambanta da ƙafa 10 ba zai samu amsa daga na'urar da ita kanta take kaucewa da ƙafa 20 ba, alhali maharbin daji mai son sanin matsakaicin gudu, na'urar haske da aka girke daidai ta ishe shi.

Ya kamata a lura cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan na'urori da ke auna ƙarfin matsin da albarushi ke yi a cikin bututu, wanda shi ne ke fasa bindiga. Wannan awo sai a ɗakunan gwaji, bisa ƙa'idojin SAAMI a Amurka ko CIP a Turai. Abin da kuronogiraf ke yi shi ne gargaɗi. Idan ɗuri ya ba da gudun da ya zarce na littafi a bututu mai tsawo iri ɗaya, to da wuya matsin bai zarce ba shi ma, ko da kwanson bai nuna wata alama ba, kuma a nan ake dakatar da harbi a koma a binciki awon albarushin.