Awon Kwamfuta Kafin A Kafa Mata Solr

Solr manhaja ce ta neman bayani cikin tarin takardu, wadda ƙungiyar Apache ke rabawa kyauta tun 2006. Mai shirin kafa ta ya sani babu awo guda da ya dace da kowa. Sai ya zuba ushirin takardunsa, ya auna girman fihirisa da saurin amsa, sa'an nan ya lissafa injin da zai saya.

A kiyaye abu biyu. Bisa Java take aiki, amma kada rabon Java ya wuce rabin RAM, kada kuma ya kai gigabait 32, gama ragowar ce ke riƙe fihirisa ta kawo sauri. Faifai kuwa a bar masa fili ninki biyu, domin lokacin haɗa gutsattsarin fihirisa tsoho da sabo tare suke zama. Daidai ruwa, daidai tsaki.