Keke Mai Caji da Ƙarar da Ba a San Mafitarta ba

Wanda ya taɓa hawan keke mai caji ya san daɗin shirunsa. Wannan shirun ne kuma ke tona asirin kowane ɗan ƙyas da rugugin injin babur zai binne. Ranar da kunnenka ya kama shi, ka rabu da sukuni: ka tsaya ya yi tsit, ka hau ya dawo, ka kai wa bakanike ya ƙi fitowa.

Jikin keke bututu ne mai rami, kuma sauti ya fi gudu a ƙarfe. A iska yana cin mita 343 a daƙiƙa guda, a sandar alminiyam kuwa wajen mita 5,000. Shi ya sa notin ƙafar baya zai yi kuka, mai keke ya rantse cewa daga gindin feda yake jinsa, har ya kashe kuɗi ya canza boris mai lafiya.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne, ƙara tana iya ɓad da sawu game da wurin da take, amma lokacin zuwanta ba ya ɓuya. Ƙirga kawai za ka yi. In tana zuwa sau ɗaya duk zagayen feda, nemi feda da hannunta da boris ɗin tsakiya. In ka daina tuƙi ba ta daina ba, kuma tana ƙara sauri yadda keken ke ƙara gudu, to tana ƙafa. In sai bayan zagayen feda biyu ko uku take leƙowa, zargi sarƙa: gaɓoɓinta sun haura 100, guda ɗaya da ta sandare sai ta gama kewayo kafin ta sake bi ta kan haƙora. In ka miƙe tsaye ta ɗauke, sirdi ne, ko sandarsa da ƙurar hunturu ta shanye wa giris.

Wani lokacin ma keken ba shi da laifi. Bakin igiyar takalmi ne ke dukan hannun feda, ko makullai a aljihun jaka.

Birkin faifai da goge, kukansu hanya ɗaya yake bi. Izgar mai goge tana kama tsirkiya ta saki, ta kama ta saki, sau ɗaruruwa a daƙiƙa, daga nan amo ke fita. Haka takalmin birki ke yi wa faifan da kaurinsa wajen milimita 2 ne. Ɗigon mai ɗaya, ko maiƙon yatsa bayan cin ƙosai, ya isa ya sa keken ya riƙa ihu a kowace mahaɗa.

Wayoyin ƙafa su ma suna da murya. Ka kaɗa su ɗaya bayan ɗaya da farce kamar tsirkiyar garaya: na gefe guda ya kamata amonsu ya zo kusan ɗaya. Wadda ta yi dum a cikin masu tsiririn sauti, ita ce ta saki. Ƙafar da ke ɗauke da inji a cibiyarta ta fi fama da wannan, don wayoyinta gajeru ne kuma nauyin ya fi yawa. Dabarar sa inji a cibiyar ƙafar baya ba ta yau ba ce, Ogden Bolton ya yi mata rajista a Amurka tun 1895.

Akwai ƙarar da ɗa ke ji uba bai ji. Kwantirola, na'urar da ke ba injin wuta, tana kunna wutar ta kashe sau dubbai a daƙiƙa, a wasu kusan sau 16,000. Kunnen yaro na iya kaiwa 20,000, amma shekaru suna zaftare na saman. Don haka in yaro ya ce, "Baba, keken nan yana fito," a saurare shi.

Ba kowane kukan inji ne ciwo ba. Ƙananan injinan cibiya suna da giya uku na roba mai tauri a ciki, zuuu ɗinsu halitta ce. Kwantirola mai arha tana tura wuta a gutsure, injin ya yi gurnani wajen tashi. Mai tura ta a hankali kamar igiyar ruwa kusan ba a jin ta. Gurnani mai haɗe da fizga shi ne abin dubawa: sau da yawa ɗaya daga cikin ƙananan na'urori uku masu gano matsayin maganaɗisu ce ta mutu, ko wayarta ta kwance. Sunan Edwin Hall suke ɗauke da shi, wanda ya gano ka'idar aikinsu a 1879.

Fedar hagu zarenta a juye yake. Inda kowane noti ke kwancewa, nan take ɗaurewa, kuma masu neman kashe ƙara da yawa sun lalata zaren da hannunsu.

Bakaniken da ke dafa bakin sukudireba a jikin inji ya kara ƙotar a kunne, aikin likita yake yi. A 1816 René Laennec na Faransa ya naɗe takarda ya saurari ƙirjin majinyaciya, daga nan abin sauraren ƙirji ya samo asali.

Yayin da mai keke ke farautar ƙara, masu ƙera mota saka ta suke yi da gangan. Tun Yulin 2019 Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin samfuran motoci masu caji fitar da sauti in suna tafiya a hankali, har zuwa kilomita 20 a awa, saboda makafi da masu tafiya a ƙasa.

Batir na iya yin kwaram-kwaram a mazauninsa, ɗan guntun roba ya isa ya kashe wannan ƙarar. Amma in daga cikin batir ɗin ka ji huci, ko fas-fas, ko ka ga ya kumbura yana wari, kada ka kara kunne. Kashe wutar caji daga soket in hannunka zai kai ba tare da ka matso shi ba, ka fitar da iyali daga ɗakin, ka kira 'yan kwana-kwana.