Ƙari a yatsa: ina ake kai abin da aka ciro?

Akan yaɗa hotunan hannaye masu ƙululu a Facebook da TikTok. Wasu na neman taimakon kuɗi da sunan ciwon daji, masu tallar magani kuma na alƙawarin narkar da abin cikin kwana bakwai. Duka ɓangarorin biyu sun yanke hukunci tun ba a ji shaida ba.

Jijiyar da ke lanƙwasa yatsa tana kai da komowa ne cikin wata siririyar riga mai santsi, kamar takobi cikin kube. Wani lokaci rigar nan kan fitar da ƙari mai tauri, da wuya ya wuce santimita 3, yana girma a hankali, yawanci babu zafi, kuma ba ya bazuwa zuwa sauran jiki. Ya fi samun maza 'yan shekara 20 zuwa 50, musamman a babban yatsa da manuniya da na tsakiya. Maganinsa tiyata ce.

Yadda aka gano shi ne abin da ya kamata ya dame mu. Wasu likitoci biyu, Geschickter da Copeland, sun bayyana shi a 1949, amma sai a 1979 wasu likitocin biyu, Chung da Enzinger, suka fito da kamanninsa sosai, bayan sun duba naman marasa lafiya 138 a cibiyar binciken cututtuka ta sojojin Amurka da ke Washington. Sun tarar kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka bi diddiginsu ƙarin ya dawo bayan an cire. Da me suka iya wannan aiki? Da ajiya. Cibiyar ta samo asali ne daga wani gidan adana kayan likitanci da aka kafa a 1862, ana tsakiyar yaƙin basasarsu, kuma duk naman da aka aiko sai an adana shi da bayanin mai shi. Ko da aka rufe ta a 2011, ba a zubar da ajiyar ba, wata cibiya aka miƙa wa.

Mu fa? Wanzami ya tsaga, ko mai kemis ya yanka a bayan kanti. Ko a asibiti ma, sau da yawa sai a nuna wa dangi naman a kwano, a yi hamdala, a je a binne. Alhali ido ba ya rarrabe wannan ƙari da wani ɗan'uwansa da ya fi shi yawa a hannu, balle wata muguwar sankara da ke fara wa matasa da ɗan ƙululu marar zafi, har sai ta yi nisa. Madubin likita kaɗai ke raba gardama. Kuma muna da masu wannan aiki a asibitocin koyarwa na Kano da Shika da Sakkwato.

Na san za a ce kuɗin gwajin. To, gwamnatocin jihohi su sa shi cikin kuɗin tiyata, su kuma samar da hanyar aika nama daga asibitocin karkara. Kai kuma mai karatu, in an cire maka ƙari, ka ce a sa shi a ruwan fomalin a kai ɗakin gwaji, kuma ka koma ka karɓi sakamakon.