Abin da ya kamata ku sani: Yadda mai masauki zai ba da shaida kan baƙon da ya bar masa ɓarna

Tun da Jalingo ta zama babban birnin Jihar Taraba a 1991, ƙafar baƙi ba ta ɗauke mata ba. Akwai iyaye masu rako 'ya'yansu Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, da masu jinya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da 'yan biki, da 'yan kwangila, da matafiyan da ke yada zango kafin su hau tsaunin Mambila. Ba duka ne ke son otal ba. Mai iyali ya fi son inda zai ɗora tukunya. Don haka mai gida a unguwa irin Majidaɗi kan gyara ɗaki da falo, ko sashe guda, ya ba da haya ta kwana uku ko ta mako.

Yawancin baƙi lafiya suke rabuwa da mai gida. Amma akan samu wanda zai bar kwanuka da tsamin tuwo, katifa da tabon mai, maƙwabta kuma suna ƙorafin kiɗan dare. Idan wani mai masauki ya bugo yana tambayar halinsa, ko manhaja ta nemi a rubuta masa shaida, me ya dace a ce?

Don wa ake ba da shaidar?

Don mai gidan da baƙon zai sauka wurinsa nan gaba ake ba da ita. Wanda ya riƙe wannan ba zai mai da ita wurin huce haushi ba, ba zai kuma rufe gaskiya don kunya ba.

Sana'ar sauke baƙi tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Fatoma shi ke sauke fatake, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye. Masani Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda masu gidajen saukar dillalan shanu ke tsaya wa baƙinsu a cinikin bashi, kuma babban jarinsu shi ne sanin wa ke cika alkawari, wa ke saɓawa. Mai gidan da maganarsa ta tashi ba daidai ba, kasuwarsa ce ke mutuwa. Haka abin yake yau: wanda ya yabi mai ɓarna, ko ya ƙara gishiri kan ƙaramin laifi, gobe ba mai ɗaukar shaidarsa.

Yadda manhajoji suka tsara abin

A Jalingo irin wannan haya ta fi tafiya ta waya da WhatsApp da bakin dillali, amma tsarin manyan manhajoji yana da darasi. A Airbnb, kamfanin da aka kafa a Amurka a 2008, mai gida da baƙo kowanne yana da kwana 14 bayan tashin baƙo ya rubuta shaidarsa. Ba wanda ke ganin ta ɗan'uwansa sai duka biyun sun rubuta, ko wa'adin ya cika. An yi haka ne don kada tsoron ramuwa ya hana faɗin gaskiya. Ana tambayar mai gida kan tsabtar baƙo, da yadda yake amsa magana, da bin dokokin gida. Akwai kuma gurbin saƙon sirri wanda baƙon kaɗai zai gani. Kamfanin ya haramta yin barazana da mummunar shaida don a karɓi kuɗi. A Booking.com kuwa baƙo ne ke yi wa masauki shaida a fili. Mai gida sai dai ya mayar da martani, ko ya kai rahoton rashin ɗa'ar baƙo ga kamfanin.

A bambanta datti da ɓarna

Nan ne masu gida da yawa ke kuskure, domin ba kowane abin da ya ɓata rai ne laifi ba. Lamarin mataki huɗu ne.

Na farko, alamar zama: gado a yamutse, tawul a jiƙe, shara a kwando, ƙurar hunturu a kan tebur. Wannan yana cikin kuɗin da baƙo ya biya, bai cancanci ko ambato ba.

Na biyu, ƙazanta da ta wuce kima: abinci ya ruɓe a ɗakin girki, banɗaki ya toshe da tarkace, sharar da aka saba gamawa cikin awa ɗaya ta cinye wuni. Wannan a faɗe shi, gwargwadon girmansa.

Na uku, ɓarnar kaya: fasa talabijin, ƙona kafet da dutsen guga ko garwashin turaren wuta, ɓatar da makulli. Abin dubawa a nan shi ne yadda baƙon ya yi bayan ɓarnar. Wanda ya fasa madubi ya kira ya faɗa ya biya, baƙon kirki ne, kuma haka ya kamata shaidarsa ta nuna. Wanda ya juya katifa don ya ɓoye ƙuna, ɓoyewar ta fi ƙunar muni.

Na huɗu, karya sharaɗi: an yi magana kan mutum biyu aka kwana da takwas, an tara jama'a ana casu, an zagi mai shara ko maigadi, an ƙi tashi bayan wa'adi. Wannan ne mai gida na gaba ya fi buƙatar sani, domin a unguwa mai cunkoso maƙwabta ba baƙo za su kai ƙara wurin mai unguwa ba, mai gidan za su kai.

Sai dai sharaɗin da ba a faɗa ba, ba a cewa an karya shi. Idan ba ku gaya wa baƙo cewa ba a haɗa na'urar sanyaya ɗaki da dutsen guga a kan janareta ba, laifin na ku biyu ne.

Kafin a rubuta komai

A ɗauki hoto ko bidiyon ɗakin kafin a taɓa tsintsiya, a gwada da wanda aka ɗauka kafin shigar baƙo. A tabbatar ba tsohuwar ɓarna ba ce, ba kuma ta mai aikin gida ba. Sannan a tuntuɓi baƙon cikin girmamawa: "Alhaji, mun tarar da ƙofar banɗaki ta ɓalle, ko wani abu ya faru?" Sau da yawa amsar takan sauya labarin, mai jinyar da aka kira asibiti da asuba ba zai tsaya wanke tukunya ba. A bari a kwana, zuciya ta sauka. Maganar diyya kuma a yi ta daban, da rasit ko ƙiyasin kafinta, a cire daga kuɗin ajiya in an karɓa. Kada a ce "biya ni ko in tona ka".

Yadda ake tsara maganar

A fara da alherin da aka gani, a faɗi abin da ya faru, a ce ko an warware, a rufe da ko za a sake karɓarsa. Jimla uku ko huɗu sun isa.

Wannan ba shaida ba ce: "Ƙazamin mutum ne, ba shi da tarbiyya, kada kowa ya ba shi ɗaki."

Wannan ita ce shaida: "Ya biya a kan lokaci, yana amsa waya. Mun yi da shi kan mutum biyu, amma mutum shida suka kwana, maƙwabta kuma sun yi ƙorafin hayaniya bayan sha biyun dare. Gyaran ɗakin ya ɗauki wuni guda. Ba zan sake karɓarsa ba."

Ta farko zagi ce da baƙo zai iya musantawa. Ta biyu kowace jimla cikinta ana iya kawo mata hujja, kuma mai karatu zai yanke hukunci da kansa. Idan abin ƙarami ne, kamar barin fanka a kunne, saƙon sirri ya wadatar.

Abin da ba ya shiga ciki

Ƙabila da addini da garin baƙo ba su da gurbi. Jalingo gari ne na Fulani da Mumuye da Jukunawan Kona da Hausawa da sauransu, kuma laifin mutum ɗaya nasa ne shi kaɗai. Haka rashin lafiyarsa, da wanda ya ziyarce shi, da zato kan sana'arsa. Wanda ya ga alamar aikata babban laifi, ofishin 'yan sanda zai nufa.

Kada kuma a watsa hoton baƙo ko katin shaidarsa ko lambar wayarsa a Facebook ko zauren WhatsApp. Ɓata suna laifi ne a kundin Final Kod da jihohin Arewa ke aiki da shi, ana kuma iya neman diyya a kotu. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi kan masu karɓar bayanan mutane da kada su yi amfani da su a wajen dalilin da aka karɓa. Katin da baƙo ya bayar don a san wanda ya kwana, amana ce. Magana kuwa zarar bunu ce.

Shin ba giba ba ce?

Wannan ke sa wasu yin shiru. Imam Nawawi, a Riyadus Salihin, ya lissafa wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum a bayan idonsa, kuma gargaɗi daga cutarwa da ba da shawara ga wanda zai yi mu'amala da shi suna ciki. Sharaɗin shi ne nufin ya zama nasiha, a kuma tsaya iya buƙata. Wato a gaya wa mai masaukin da ya tambaya, ba a zauna ana ba da labarin a majalisar mai shayi ba.

Masu masauki, ku rubuta dokokin gidanku a takaice, ku tura wa baƙo kafin ya biya, ku zagaya ɗakin tare ranar shiga da ranar fita. Idan kuma aka nemi shaidarku, ku faɗi abin da za ku iya maimaitawa a gaban baƙon da kansa, ba ƙari, ba ragi.