Tafiyar Ƙasa da Asalin Zinariyar Birnin Gwari



Duk wanda ya san ƙasar Birnin Gwari, tun daga Kakangi har dajin Kamuku, ya san ƙasa ce ta duwatsu da zinariya. Maƙasudin wannan lacca shi ne amsa tambaya guda: me ya sa ake haƙo zinariya a nan, ba a haƙo ta a fadamun Haɗeja ko rairayin Borno? Amsar tana cikin ilmin da ya tabbatar cewa ƙasar da muke takawa tafiya take yi.

Watau ɓawon duniya ba a dunƙule yake ba. Ya yi kama da ƙwaryar da ta tsattsage amma ba ta watse ba. Manyan ɓangarorinsa bakwai ne, ban da ƙanana, kaurin kowanne ya kai wajen kilomita 100, kuma suna zaune ne bisa wani dutse mai zafi da taushi, wanda yake ba su damar gusawa. Gusawar ba ta wuce santimita kaɗan a shekara, kimanin yadda farcen mutum ke tsiro. To, amma sannu ba ta hana zuwa. Santimita 2 a shekara, in ta sami shekara miliyan 100, ta zama kilomita 2,000.

Wani Bajamushe, Alfred Wegener, shi ya fito da wannan magana a 1912, bayan ya lura gaɓar Afirka ta yamma da ta Amurka ta Kudu sun dace da juna, har duwatsunsu iri ɗaya ne. Masanan zamaninsa ba su yarda ba, don bai iya nuna abin da ke tura nahiya ba. Sai a shekarun 1960, da aka auna ƙarƙashin teku, aka ga sabon ɓawo yana ɓullowa a tsakiyar Tekun Atlantika yana bazuwa gabas da yamma, sannan aka sallama.

Haɗuwar ɓangarorin nan iri uku ce. Ko su rabu, teku ta shiga tsakani, kamar yadda Bahar Maliya ta raba Afirka da ƙasar Larabawa. Ko su gogi juna, a sami girgizar ƙasa, irin wadda ta auka wa Turkiyya da Siriya a 2023. Ko kuwa su yi karo, ƙasa ta lanƙwashe ta tashi sama, kamar yadda karon Indiya da Asiya ya ta da duwatsun Himalaya.

Irin na ukun nan shi ne ya auku a ƙasarmu, kimanin shekara miliyan 600 da suka shige. Tsohon doron Afirka ta Yamma ya yi karo da wanda ƙasar Hausa take kai. Taɓo da yashin da suka daɗe kwance a ƙarƙashin ruwa suka matse, suka gasu, suka zama duwatsu masu falle-falle, miƙe kudu da arewa, irin waɗanda ake gani daga Birnin Gwari har Maru da Anka. Wani dutsen ya narke a can ƙasa, ya daskare. Kufena ta Zariya da Kwatarkwashi irinsa ne. Daɗin daɗawa ƙasa ta tsage, ruwa mai tsananin zafi ya bi tsagogin ɗauke da ma'adinai, da ya huce ya bar zinariya cikin jijiyoyin farin dutse.

Daga nan iska da ruwan sama suka yi ta zaizayar waɗancan tsaunuka har suka baje su, jijiyoyin suka fito kusa da fili, ɓarɓashinsu ya gangara rafuka, inda masu wankin zinariya ke samunsa. A Haɗeja da Borno kuwa yashi mai kauri ya binne tsofaffin duwatsun.

Yau Nijeriya tana tsakiyar ɓangaren Afirka ne, nesa da bakinsa, shi ya sa babbar girgiza ba ta cika samunmu ba. Amma tsofaffin tsagogin suna nan, kuma ƙasa ta motsa a Kwoi a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018.

Ma'aikata da ɗalibai suna da abu biyu na lura. Na farko, zinariya ba gero ba ce da za ta sake tsirowa baɗi. Abin da aka kwashe ya tafi ke nan. Na biyu, ruwan da ya kawo zinariya yakan kawo dalma tare da ita a wasu jijiyoyin. A 2010 ɗaruruwan yara suka rasu a Zamfara saboda ana daka irin wannan dutse cikin gidaje. Wajibi ne a auna dutse a san abin da ya ƙunsa kafin a kai shi turmi.