Goudji a Shekarun 2000: Fetur, Salula da Gawayi

Shekaru goman da suka fara daga 2000 sun sauya rayuwar mazauna Njamena, babban birnin Chadi, kuma unguwar Goudji da ke arewacin birnin, inda Larabcin Chadi ne harshen ciniki, ana kuma jin Hausa a bakin 'yan kasuwa, ta ga wannan sauyi a gida da kasuwa da titi. Labarin da ya buɗe zamanin shi ne na man fetur, domin a 2003 aka fara tura ɗanyen mai daga Doba ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru, abin da ya sa talakawa suka sa rai da sauƙin rayuwa, sai dai tsadar haya da ta abinci ce ta riga wadata isa gidajensu.

Wayar salula ta fi fetur saurin shiga hannun jama'a. Kamfanin Celtel ya soma aiki a 2000, Tigo ya biyo baya a 2005, kuma kafin shekarun su ƙare Celtel ya koma Zain, daga baya Airtel, yayin da masu sayar da katin waya suka cika bakin tituna, ɗan kasuwa kuwa ya sami damar jin farashin kaya a Maiduguri ko Kano kafin ya ɗora ƙafa a mota. Duk da haka rediyo bai rasa matsayinsa ba, domin tashoshi masu zaman kansu irin su Dja FM da FM Liberté sun buɗe ƙofar muhawara, masu jin Hausa kuma suna kama sashen Hausa na BBC safe da yamma, suna kallon finafinan Kano a kaset da faifai.

Tashin hankali ya katse wannan tafiya har sau biyu. 'Yan tawaye sun kai hari birnin a ranar 13 ga Afrilun 2006, sannan suka dawo a ranakun 2 da 3 ga Fabrairun 2008 bayan gumurzu a garin Massaguet, suka kai har kusa da fadar shugaba Idriss Déby, lamarin da ya sa dubban mutane suka tsallaka zuwa Kusuri a Kamaru ɗauke da katifu da tukwane. A waɗannan kwanaki ne aka kama jagoran adawa Ibni Oumar Mahamat Saleh, wanda ba a sake ganinsa ba, daga bisani kuma hukuma ta haƙa rami a kewayen birnin domin tare motocin mahara.

Matakin da ya fi taɓa uwayen gida ya zo ne a farkon 2009, lokacin da gwamnati ta hana amfani da gawayi domin daƙile kwararowar hamada, alhali gas bai wadata ba, har wasu mata suka koma hura wuta da kashin shanu da ƙwallon goruba, dafa abinci sau ɗaya a yini kuma ya zama tilas a gidaje da dama. A 2010 magajiyar gari Marie-Thérèse Mbaïlemdana ta tsaurara dokar hana leda, mata suka dawo da kwando zuwa cefane. A shekarar ce kuma fim ɗin ɗan Chadi Mahamat-Saleh Haroun mai suna Un homme qui crie, wanda ya taɓo raɗaɗin yaƙi a cikin iyali, ya ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes.

Littattafai sun adana ranakun yaƙi da sunayen shugabanni, amma labarin yadda gida ya ci abinci a shekarar da aka hana gawayi yana bakin iyaye mata ne kawai, saboda haka ya wajaba matasan Goudji masu ilimi su zauna da su, su rubuta shi tun suna raye.